Yadda na shiga aikin bin mutanen da gari ya juya wa baya

A gidanmu da ke unguwar Bagalam a Maradi, in aka ce wane ya samu aikin furoje, wato aiki da ƙungiyoyin agaji, abin da ke faɗo wa kowa a rai shi ne farar mota mai doguwar eriya, da sanyin ofis, da kuɗin zaman taro. Ni ma da wannan tunanin na dawo daga Yamai a 2019, riƙe da takardar lisans ta ilimin zamantakewa daga jami'ar Abdu Mumuni. Na ɗauka wata biyu zuwa uku zan yi a gida. Sai da na shekara biyu da ɗoriya ina taya Inna matsar man gyaɗa da tuyar ƙuli-ƙuli.

Ba zama kawai na yi ba. Na je ofishin ANPE, hukumar samar da aikin yi, na yanki katin masu neman aiki, domin sanarwa da yawa ba a karɓar takardunka sai da shi. Daga nan na shiga haɗa abin da ake kira dosiye: takardar haihuwa, takardar shaidar zama ɗan ƙasa, kwafen diploma da aka buga wa hatimi, tarihin karatu da aiki, wasiƙar neman aiki, sai kuma kaziye, wato takardar da kotu ke bayarwa ta shaida ba a taɓa yanke maka hukunci ba. Wannan ta ƙarshe ita ta fi ci mini tuwo a ƙwarya. Ba a karɓar wadda ta wuce wata uku, ni kuwa sai in ajiye dosiye in yi ta jiran kira har ta mutu a hannuna, in sake komawa layi. Kuɗin tambur da fotokopi da kabu-kabu duk daga cinikin ƙuli-ƙulin Inna suke fita. Ba ta taɓa yi mini gori ba, sai dai in na ce zan fita takan ce, "Yau kuma wa za a kai wa takarda?"

Kowace sanarwa kuma da ƙayarta a ƙasa: sai mai shekara biyu yana aikin. To wanda ba a ɗauka ba, a ina zai samo shekara biyun?

Ta wata hanya da ban zata ba ƙofar ta buɗe. Tun 2019 mutane suka riƙa tsallako iyaka daga jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina suna gudun ƴan bindiga, suna sauka a ƙauyukan Gidan Rumji. Daga baya aka riƙa kwashe wasu daga bakin iyaka zuwa Ɗan Daji Makau da Garin Kaka da Cadakori. Ƙungiyoyi suka yi ta neman masu jin Hausa da Faransanci da za su bi gida-gida suna tambayoyi. A 2021 na samu shiga irin wannan aikin na ƴan makonni, ana biyan mu a kan kwana. Tambayoyi ne a cikin salula, ina karantawa ina latsawa: ku nawa ne, sau nawa kuka ci abinci jiya, akwai mai naƙasa a gidan? Mace za ta fara ba ni labarin daren da aka shigo garinsu, ni kuma ido na kan agogo domin akwai gida goma sha biyu a gabana. Ban ji daɗin kaina ba a lokacin, amma ranar da aka sallame mu ban bar ofishin ba sai da aka rubuta mini takardar shaidar na yi aiki. Abokan tafiyata da suka ce sa dawo daga baya, da suka dawo sun tarar an rufe furojen, mai sa hannun ya koma Yamai. Duk mai shirin bin wannan hanya, ya riƙe wannan.

Da irin waɗannan guntayen takardu uku na nemi aikin da nake yi yanzu, a 2022. Ƙungiya ce ƙarama ta ƴan ƙasa, ba zan faɗi sunanta ba. Sanarwar ta ce ana neman mai bin lamarin mutum ɗaya-ɗaya, kuma ta lissafa waɗanda za a yi aikin da su: masu taɓin hankali da ke kwana a titi, matan da aka sako saboda yoyon fitsari, waɗanda suka fito daga gidan kaso danginsu suka ƙi karɓarsu, samarin da tramol ya kama. Da na karanta wa Baba, sai ya yi shiru, can ya ce, "Duk karatun da kika yi, mahaukata za ki bi?" Kawuna shi ya rarrashe shi, ba don ya fahimci aikin ba, don dai ya ji an ce furoje.

Jarabawar rubutu ba ta da wani labari. Mu kusan cika aji guda, da Faransanci, awa biyu. Bayan kwana goma aka kira ni ganawa.

Na isa tun kafin a buɗe ofis, a lokacin zafin nan na kafin damina da ko ƙarfe takwas na safe rana ta fara cizo. Mai gadin, wani dattijo, ya nuna mini benci, ya shiga ya ɗebo ruwan randa a moɗa ya miƙo mini da hannu biyu. Sai a lokacin na ga hannayen. Yatsun sun gutsure, saura dungu. Gabana ya faɗi. Na san abin da littafi ya ce, na san wanda ya sha maganin kuturta ba ya sa wa kowa, na san maganin kyauta ne ana shan sa wata shida ko shekara guda, kuma dungun da ake gani tabon ciwon da ya wuce ne. Amma ni ƴar gidan da aka raine ni ne, inda ake ajiye wa kuturu sadaka a ƙasa ba a miƙa masa a hannu. A raina na ce, wannan ita ce jarabawar, suna leƙe na ta taga. Na karɓa, na kafa kai na shanye, na ce, "Na gode, Baba." Watanni bayan haka na ba shugabarmu labarin ina alfahari. Ta yi dariya har da hawaye. Ba wanda ya leƙe ni. Baba kowa ya zo sai ya ba shi ruwa, halinsa ne.

Su uku na tarar a ciki. Na shirya amsoshi da manyan kalmomin jami'a, na kuma fara zuba su. Shugabar, wadda kowa ke ce wa Madan, ta bar ni na yi nisa, sannan ta juya harshe zuwa Hausa.

"Ƴata, ajiye Faransancin nan. Ga tsohuwa daga Dakoro a gabanki, ba ta taɓa shiga lakwal ba. Kina so ki rubuta sunanta da ciwonta a takarda, ki kai wa likita. Nemi yardarta in ji."

Na buɗe baki na rasa ta inda zan kama. Kalmar neman yarda na san ta da Faransanci, na rubuta shafi biyu a kanta a jarabawa. Daga ƙarshe na ce, "Iya, abin da kika gaya mini amana ce. Ina so in kai wa likita don ya duba ki. In kin ce a'a, ya tsaya tsakanina da ke, kuma ba zan daina zuwa gaishe ki ba."

"In ta ce a'a fa da gaske?"

"Sai in lallashe ta."

"In ta ƙi lallasuwa?"

Na yi shiru. Madan ta rubuta wani abu. Na fito ina da tabbacin na faɗi.

Mako biyu bayan haka aka kira ni in sa hannu. Kwantiragi ne na wata goma sha biyu, uku na farko na gwaji, kuma an rubuta ɓaro-ɓaro cewa sabunta shi ya dogara ga samun kuɗi daga masu tallafi. Aka yi mini rajista a CNSS, asusun fansho da inshorar ma'aikata. Aka ba ni wata doguwar takarda ta ƙa'idojin ɗa'a, aka sa na karanta da ƙarfi kafin in sa hannu: ba karɓar kyauta daga wanda kake taimako, ko da ƙwai biyu ne, ba ɗaukar hotonsa a sa a Facebook, ba ba da labarinsa a gida, ba neman mace ko yarinya da sunan taimako, wanda aka kama kuwa kora ce nan take. Albashin ya fi mafi ƙarancin albashi na ƙasa, wanda ya koma jika 42 na sefa a wata a farkon 2024, amma bai kai rabin abin da dangi suka ƙiyasta ba. Farar motar kuwa guda ce tak, ta tsufa, kuma ba ta fita sai za a kai mara lafiya. Ni da ƙafata da adaidaita muka saba.

Wata na farko bin wata tsohuwar ma'aikaciya na yi, ina riƙe mata jaka. A nan na gane ofishin ba mu kaɗai ba ne. Akwai mai ilimin halayyar ɗan Adam da ke zuwa sau biyu a mako, akwai ma'aikacin jinya, akwai mai lissafin kuɗi da ba ya sakin dala sai da rasit, akwai saurayin da aikinsa tattara alƙaluma da rubuta rahoton da ake aika wa masu tallafi. Akwai kuma mutanen unguwa da ke kawo mana labari, waɗanda ba su da diploma amma in babu su ba za mu san ƙofar da za mu ƙwanƙwasa ba. Da yawan shugabannin da na sani daga bin gida-gida suka fara.

A wata na biyu aka ba ni mutum ta farko da zan bi ni kaɗai. Yaya nake ce mata, don ta girme ni da kaɗan. Wata mai tuwo-tuwo kusa da tasha ce ta kawo maganarta. Tana zama a gindin wata katanga nesa da sauran mabarata, domin su ma sun kore ta saboda zarni. A kan tsumma take zaune, gefen hannunta na dama duk tabon ƙuna.

Sai da na yi zuwa huɗu kafin ta yarda ta ce mini fiye da "lafiya lau". Daga wani ƙauye take a yankin Mayahi. Haihuwarta ta biyu ta kwana biyu tana naƙuda a gida kafin a samu amalanke, ɗan ya zo ba rai, bayan kwanaki fitsari ya fara zuba ba tsayawa. Haka ciwon yake samuwa: kan jariri ya daɗe yana danne mafitsara a jikin ƙashi, naman wurin ya mutu, ƙofa ta buɗe. Mijin ya haƙura wata biyar ya ba ta takarda. Ga kuma farfaɗiya tun tana yarinya, ita ce ta jefa ta cikin murhu. A garinsu an ce iskoki ne, an hana ta cin abinci a kwano ɗaya da kowa don kada miyaunta ya taɓa wani, alhali farfaɗiya ba a ɗaukar ta ta miyau ko ta wata hanya. Ba ta da takardar haihuwa, ba ta da katin ɗan ƙasa. Ruwa ma ƙin sha take yi da rana don yoyon ya ragu, abin da ke ƙara wa fitsarin kauri da wari, ya kuma ci mata fata.

Takardar da muke cikawa tana da gurbi-gurbi: lafiya, matsuguni, takardun ƙasa, sana'a, dangi. Akan so ka zaɓi matsala babba guda. Na duba na ga duk guraben nata ne, kuma kowanne ya riƙe wuyan ɗan'uwansa. Ni dai na yanke cewa yoyon ne uwar matsalar. A Danja, kudu da gari ba nisa, inda asibitin kutare yake tun da daɗewa, an buɗe cibiyar aikin yoyon fitsari a 2012, kuma ba a biyan kuɗin aikin. Na yi waya, na samu rana, na roƙi mota, na sayo mata zane biyu da sabulu da bokiti daga kuɗin ofis. Na gaya mata ranar Talata da safe za mu tafi. Ta ce, "To, Malama." Na koma gida ina jin kaina kamar na gama aikin duniya.

Ranar Talata muka iso da direba, gindin katanga wayam. Ko tsummanta babu.

Kwana tara ina nema. Na shiga kasuwa, na zaga tasha, na bi Sabon Gari da Mokoyo, har bakin Gulbi na je. Na ji haushinta ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Na ce wa Madan matar nan ba ta son taimako, a rufe dosiyenta a ba ni wani. Madan ba ta ɗago kai daga abin da take rubutawa ba ta ce, "Me ya kawo ta Maradi?"

Na ce bara.

"Mayahi ba a bara? Tasawa fa? Ita ta gaya miki, ko ke kika gaya wa kanki?"

Sai na tuna tambayar ranar ganawa. Ashe "to" ɗin da Yaya ta ce mini ba yarda ba ce. Irin "to" ɗin nan ce da talaka ke ce wa mai takarda a hannu don a rabu lafiya.

Mai tuwon ce ta sake nuna mini ita, a bayan wani masallaci a wata unguwar. Wannan karon ban zo da jaka ba, ban zo da bik ba. Na zauna a ƙasa kusa da ita, muka yi shiru mai tsawo. Da la'asar ta yi sai ga ayarin almajirai sun wuce da robobinsu. Wani ƙarami, bai fi shekara bakwai ba, ya rage tafiya, ya ɗan ratse kamar zai gyara takalmi. Ta zaro ƙullin leda daga ƙarƙashin zane, dambu ne da ɗan ƙuli, ta ajiye a ƙasa ba ta dube shi ba. Ya sunkuya ya ɗauka ya bi sahun ƴan'uwansa. Ba wanda ya ce wa wani uffan.

"Ɗana ne," ta ce. "Na fari. Ubansa ya kawo shi karatu. Na hana shi ya nuna ya san ni, kada yara su riƙa yi masa waƙa."

Shi ya kawo ta Maradi. Ni kuma na zo da mota zan ɗauke ta zuwa inda za ta yi makonni, da robar fitsari a jikinta ta kusan mako biyu bayan aiki, ban taɓa tambayar wa za ta bari a baya ba. Ta ji tsoron in ta ce ba za ta je ba za mu ɗauke ta da ƙarfi, shi ya sa ta sauya wuri.

Daga nan aikin ya koma tafiyar hawainiya, kuma ita ke gaba. Abin da ta fara nema ba tiyata ba ce, maganin faɗuwa ne, don ta ce babban tsoronta ta faɗi a titi yaron yana kallo. Ma'aikacin jinyarmu ya raka mu asibiti aka rubuta mata gardenal, ƙwaya mai araha da ake sha kullum ba fashi. Mai tuwon ta karɓi ajiyar maganin, tana ba ta kowane dare, na kuma nuna mata abin da za ta yi in ciwon ya tashi: a kwantar da ita ta gefe, a janye wuta da duk abin da zai ji mata, kada a cusa mata cokali ko tsumma a baki. Sai maganar yaron. Da izininta na je wurin malaminsa, na sa hijabi har ƙasa, na durƙusa daga nesa na ce, "Allah ya gafarta Malam, wata amana na kawo." Na yi zaton zai kore ni. Ya saurara har na gama, ya ce shi bai san uwar yaron na gari ba, ya kuma kira uwargidansa ya ce daga yau yaron a cikin gida zai riƙa cin na dare. Takardun ƙasa su suka fi jan lokaci, don wanda ba a yi wa rajistar haihuwa a kan lokaci ba sai an bi ta kotu da shaidu, shaidun kuma suna ƙauye.

Wata biyar bayan ranar da ta gudu, ita da bakinta ta ce, "Malama, wurin nan da kika ce, har yanzu suna karɓa?" A adaidaita muka je tasha, muka shiga motar haya kamar kowa.

A rahoton wata ukun farko na gwajina, gurbin "an warware" babu ko mutum ɗaya. Na ɗauka za a sallame ni. Madan ta sa hannu a takardar tabbatar da ni ba ta ce komai ba, sai dai ta ƙara mini mutum shida. A cikinsu akwai saurayin da muka raka har gida daga gidan kaso, ubansa ya karɓe shi, bayan wata biyu ya koma tramol ya sace injin markaɗen maƙwabta. Akwai dattijon da ya rasu a rumfar kasuwa kafin mu gano danginsa, mu da mai unguwa muka yi masa sutura. Irin waɗannan ba sa shiga hoton da ake sa wa a bangon rahoto. Akwai lokacin da na daina iya cin abinci in na dawo gida, sai da mai ilimin halayyar nan ta zaunar da ni ta ce mu ma ma'aikata muna da ranar da ake sauraren mu, ba rauni ba ne. A gida kuma Kawu bai fasa turo mini sunayen mutanensa in sa a "lissafin masu samun taimako" ba, har yau bai yarda cewa babu wani buhun shinkafa da nake rabawa ba.

Zancen ɗorewar aikin kuwa, kowa a wannan fage da zuciya biyu yake kwana. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 an rufe iyaka da Najeriya, wutar da ke zuwa daga can ta yanke, kaya suka yi tsada a garin da rayuwarsa ke rataye da hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya, wasu masu tallafi kuma suka dakata. A farkon 2025 Amurka ta tsayar da mafi yawan tallafin da take bayarwa a duniya, abokaina da dama a wasu ƙungiyoyi aka ba su takardar sallama a mako guda. Namu kwantiragin daga wata goma sha biyu ya koma shida. Saurayin alƙaluma ya tafi, yanzu ni ke cika tebur ɗinsa a kwamfuta da dare in akwai wuta. Na sake zuwa kotu na karɓo sabuwar kaziye na ajiye a jaka, ko da za a buƙata.

Yaya ta dawo daga Danja a bushe. An gargaɗe ta cewa in Allah ya sa ta sake aure ta samu ciki, a asibiti za ta haihu, ta hanyar tiyata. Ba ta koma Mayahi ba, ta ce ba ta da abin da ta bari can. Tana wanke-wanke wurin mai tuwon, suna kwana ɗaki guda. Farfaɗiyar ta ragu amma ba ta tafi ba, watan jiya ma ta faɗi sau ɗaya da maganin ya yanke kwana uku. Katin ɗan ƙasa har yanzu muna jiran shaida na biyu ya shigo gari ranar kasuwa. Yaron yakan zo ranar Alhamis da ba karatu, ya zauna a bakin rumfar ya ci tuwo. A gaban mutane "Yaya" yake ce mata, kamar yadda ya ji ina faɗa, ita kuma ba ta hana shi ba tukuna.